Agogon Da Ke Kunna Hita Ya Kuma Kashe Ta

An shirya wannan jawabi domin hakimai da malaman ofisoshinsu, Allah ya ƙara musu girma, don a karanta shi a majalisa kafin hunturu ya kankama. Maganar da ke cikinsa ƙarama ce a ido, watau maganar ɗan agogon nan da a ke ɗaura wa hitar ruwa ta lantarki, ya riƙa kunna ta yana kashe ta da kansa. Amma fa akwai kuɗi a cikinta, akwai kuma rai. Gidan hakimi ba ya rabuwa da baƙi. Ga masauki, ga ɗakin shan magani, ga gidajen ma'aikata, duk idonsa na kansu, kuma abin da talakawa suka ga an yi a gidan hakimi shi su kan kwaikwaya. Saboda haka ya kamata a san abin sosai tun ba a kira mai gyaran wuta ba.

Da fari sai a san ita hitar kanta. Wadda a ke nufi a nan ita ce mai tanki, wadda a kan kafe a bango kusa da wurin wanka. Ruwan sanyi yana shiga ya kwanta a ƙasan tankin, mai zafi kuwa daga sama a ke jawo shi, domin ruwa in ya yi zafi bisa ya ke tasowa. A cikin tankin akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe nutse cikin ruwa, shi ne ke ɗaukar zafi in an kunna wuta. Kusa da shi akwai wata 'yar sanda mai auna zafin ruwan, ana kiranta tamostat. In ruwa ya kai zafin da aka ɗiba masa sai ta yanke wuta, in ya huce kaɗan sai ta sake haɗawa.

To, mai hankali zai ce, tun da akwai abin da ke yanke wuta da kansa, me kuma za a yi da agogo? Amsar ita ce, tamostat zafi kaɗai ta sani, ba ta san lokaci ba. Ba ta san an gama wanka tun da hantsi ba. Ba ta san mai gida ya tafi rangadi zai kwana uku ba. Da zarar an ɗebi ruwan zafi, na sanyi ya shigo ya maye gurbinsa, sai ta kunna ƙarfe ta dafa shi, ko da ba wanda zai taɓa famfo sai gobe. Daga nan ruwan ya wuni yana hucewa ta jikin tanki da ta bututu, ita kuwa tana ta sake ɗumama shi, mita tana ta ci.

Ga lissafin, malamai sa iya rubuta shi su ajiye. Yunit ɗaya na mita shi ne wutar da abu mai cin wat 1,000 ke sha cikin awa ɗaya. Yunit ɗin nan yana iya ƙara wa lita 860 ta ruwa zafin digiri ɗaya. A ɗauka ruwan famfo da hunturu yana kan digiri 20, ana so a kai shi 60. Garwa ɗaya, wadda ke cin lita 18, za ta sha abin da ya kusa yunit guda. Tanki mai lita 50, watau kusan garwa uku, zai sha yunit biyu da sulusi. In ƙarfensa mai wat 1,500 ne, aikin zai ɗauki awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC, mai tsara farashin lantarki, ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga mutanen Rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 kowace rana, ko da ya ke an ɗan rage daga baya. Bisa wannan farashi, dafa tanki ɗaya sau ɗaya ya haura naira 500.

Wannan kuɗi agogo ba zai rage ko kwabo daga cikinsa ba, kuma duk mai sayarwa da ya ce zai rage to ya faɗi son ransa ne. Ruwan da za a yi wanka da shi tilas a dafa shi, ko da agogo ko babu. Abin da agogo ke tsarewa shi ne ɓarnar da ke biyo baya. Ƙaramin tanki mai kyakkyawan rufi, in an bar shi da zafi dare da rana, ya kan zubar da wajen yunit ɗaya a banza kowace rana. Tsohon tanki wanda rufinsa ya lalace, ko wanda aka kafe a waje iskar hunturu na bugunsa, ya fi haka nesa ba kusa ba. Yunit guda a rana ba ya tsorata kowa, amma in an tara na wata ya zama yunit 30, in kuwa masauki yana da hita huɗu sai a riɓa.

Dabarar duka tana ga wuri ɗaya, kuma nan ne yawancin mutane ke kuskure. Agogo ya kashe wuta kafin a fara wanka, ba bayan an gama ba. In ana kiran asuba wajen ƙarfe biyar da 'yan mintoci, sai a sa shi ya kunna ƙarfe 3 da kwata, ya kashe ƙarfe 5. Mutanen gida su tarar da tanki cike da ruwan zafi, su yi alwala, su yi wanka, yara su shirya makaranta. Ruwan sanyin da ya shigo a madadinsa sai ya wuni da sanyinsa, ruwan da ba shi da zafi kuwa ba abin da zai zubar. Amma in an bar agogo a kunne har ƙarfe 9 don kada wani ya rasa, to an dafa tanki na biyu ke nan wanda zai wuni yana hucewa, kusan ba a tsira da kome ba. Gidan da ke wankan yamma sai a ba shi wani lokaci na biyu, gajere, kafin magariba.

Wannan agogo a Ingila ya fi yawa, kuma yana da kyau a san dalili, don kada a ɗauko shawarar da aka yanka wa wata ƙasa a sa wa wannan. Can tankunansu manya ne, lita 120 ko fiye, ƙarfen kuwa mai wat 3,000. A 1978 aka fito musu da wani tsarin biya mai suna Economy 7, wanda a cikinsa wutar awa 7 na tsakar dare ta fi ta rana araha. Sai mai gida ya sa agogo ya dafa ruwan wuni duka cikin dare, ya biya kuɗi kaɗan. Mitar gidajen ƙasar nan ba ta raba dare da rana, yunit ɗin tsakar dare da na tsakar rana kuɗinsu ɗaya. Saboda haka wanda ya karanta a kwalin agogo cewa zai rage masa kaza da kaza, ya tuna ba da mitarsa aka yi lissafin ba.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan girma, shi ne ɗauke wuta. Agogon iri uku ne a kasuwa, kuma ɗauke wuta ne ke nuna na kirki a cikinsu.

Na farko mai faifai ne, kewaye da ƙananan haƙora, galibi kowane haƙori minti 15. A kan danna haƙoran lokacin da a ke son wuta, faifan yana juyawa sau ɗaya cikin awa 24. Yana da sauƙin ganewa, yana da araha, amma araha ba ta ado. Yawancin irinsa wutar gidan ce ke juya su. In an ɗauke wuta awa uku, faifan ya tsaya cik awa uku, in ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba abin da ya faru. Ran nan sai ya kunna hita ƙarfe 6 maimakon 3. Kafin mako ya zagayo yana dafa ruwa da azahar, da asuba kuwa mai gida ya sha sanyi, ya kama zagin mai gyaran wuta, alhali ba laifinsa ba ne. In tilas sai mai faifai, a nemi wanda ke da batir a ciki.

Na biyu mai lambobi ne kamar agogon hannu na zamani, da ɗan batir a cikinsa wanda ke riƙe lokaci in wuta ta tafi. Shi ne ya dace da garin da wuta ke zama, ana iya kuma ba Juma'a ko Lahadi lokacinta dabam. Sai dai a tambayi mai kanti kwana nawa batirin ke riƙewa, a kuma duba a takardar da ke cikin kwalin, kada a tsaya ga bakinsa kaɗai.

Na uku ba ruwansa da ƙarfe nawa. Maɓalli ne a ke dannawa, a zaɓi rabin awa, ko awa ɗaya, ko biyu, in lokacin ya cika ya kashe da kansa. Ga yawancin garuruwan hakimai wannan ya fi sauran amfani, ko da ya ke shi ne mutane suka fi rainawa. Layin da ke Rukunin D awa 8 aka yi masa alkawari, na Rukunin E awa 4, kuma ba wanda ya ce da asuba za su zo. Me agogo mai lambobi zai yi in ya kunna ƙarfe 3 ya tarar babu wuta? A irin wannan gari hikima ita ce a dafa ruwa sa'ad da wuta ta zo, ko da ƙarfe 10 na dare ne, a bar rufin tanki ya riƙe zafin har safiya. Yaron gida ya danna maɓalli ya tafi ya kwanta, ba a kuma dogara ga tunawarsa wajen kashewa.

A lura kuma da raunin wuta. Ƙarfin wutar gida a ƙasar nan bolt 230 ne bisa ƙa'ida, amma kowa ya san daren da ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi. In ƙarfin ya sauka zuwa bolt 180, zafin da ƙarfen hita ke bayarwa ya kan koma wajen kashi 60 cikin 100 na yadda ya kamata. Aikin awa ɗaya da rabi sai ya nemi awa biyu da rabi. Unguwar da ta saba da haka sai a ƙara wa agogonta lokaci. Ba a yi asara ba, domin in ruwa ya kai zafinsa da wuri tamostat za ta yanke.

Yanzu sai maganar ɗaurawa, wadda ba aikin mai gida ba ce, ba kuma aikin yaron da ya iya canza ƙwan fitila ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayar lantarki takardar shaida, kuma ba abin kunya ba ne malamin hakimi ya ce a nuna masa ita. Duk da haka ya kyautu wanda zai biya kuɗin aiki ya san abin da zai duba.

Hita tana cikin abubuwan da suka fi jan wuta a gida. Mai wat 1,500 tana jan amfiya 6 da rabi, mai wat 3,000 kuwa amfiya 13, ba kuma na minti ɗaya ba, awa da awanni. Fulogin nan mai ƙafa uku iyakarsa ke nan amfiya 13. Saboda haka ƙaramin agogon da a ke cusawa a soket, wanda aka yi domin fitila ko fanka, ba na babbar hita ba ne. Zai yi aiki mako ɗaya ko wata ɗaya, sa'an nan a fara jin ƙaurin roba, a ga bakin soket ya yi baƙi. Agogon hita a bango a ke kafe shi, a ɗaure wayoyinsa da sukurori, kuma a ga an rubuta amfiya 16 ko wat 3,000 a jikinsa. Hita ta sami layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kaurin milimita 2.5 da bireka nata. Daga nan layin ya biyo ta makunni mai yanke waya biyu gaba ɗaya, sa'an nan agogo, sa'an nan hita. Makunnin nan kada a cire shi don an sami agogo, shi ne abin da za a kashe ran da za a yi gyara.

Wayoyi uku ne. Mai wuta ja ce a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Abokiyarta baƙa ce a da, shuɗiya a yanzu. Ta uku koriya ce, ko koriya da ratsin rawaya, ita ce wayar ƙasa. A bayan agogo akwai gurbin shiga da gurbin fita, in an juya su agogon zai kashe kansa tare da hitar. Wayar ƙasa kuwa ba ta bi ta cikin abin da ke yankewa, tilas ta zarce har jikin tankin ba tsinkewa. Ita ce mai ceton rai. Ƙarfen hita ya kan tsufa ya tsage, wuta ta shiga ruwa, in babu wayar ƙasa sai ta jira wanda zai kama famfo da jiƙaƙƙen hannu yana tsaye ba takalmi. Mai gyaran da ya ce wayar nan ba ta da amfani, tun da hita na aiki ba tare da ita ba, a sallame shi tun bai kwance jakarsa ba. In da hali a ƙara da bireka mai jin yoyon wuta, wanda aka rubuta 30mA a jikinsa. Agogo da makunni duka a kafe su a wajen ɗakin wanka, inda tururi da fantsamar ruwa ba su kai.

Wani abu kuma da ya halaka masu gyara da dama: ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Mutum ya ga unguwa ta yi duhu ya ce bari ya yi sauri ya haɗa kafin a kawo, ana cikin haka a kawo. A kashe babban makunnin gida, a kashe janareta da inbata in akwai, a gwada wayar a tabbata ba kome, sa'an nan a taɓa.

Gidan da ke da janareta ko batiran sola sai a yi tunani tun kafin a ja layi. Agogo bai san wace wuta ce a waya ba. In ya kunna hita da tsakar dare alhali gida na kan batir, kafin asuba ya shanye shi tas, ƙaramin janareta kuwa sai ya shaƙe ya mutu. A bar layin hita a gefen wutar kamfani kaɗai. Sai fa gidan da faifan solarsa da inbatarsa ke da ƙarfin ɗauka, shi wannan sai ya juya lissafin, ya sa agogo ya kunna tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 2 na rana, lokacin da rana ke bayarwa kyauta.

Game da zafin da za a tsayar da tamostat, digiri 60 ne, kuma akwai dalili. Wata ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela, wadda aka gano bayan ta kama mutane da yawa a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, tana yaɗuwa cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, ta shiga huhu ta feshin ruwan wanka. Zafin digiri 60 yana kashe ta. Saboda haka kada tsumulmula ta sa a gajarta lokacin agogo har ruwa ya riƙa tsayawa a ɗumi kullum. Masaukin da ya yi makonni ba baƙo, a dafa tankinsa sosai a zubar da ruwan farko kafin a sauki wani. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, balle ta jariri ko tsoho, sai an surka. A bakin bututun ruwan sanyi kuma akwai wani ɗan bawul da ke ɗiga in hita na aiki. Ba lalacewa ya yi ba, matsi ya ke ragewa, ya kuma hana ruwan tanki komawa baya in famfo ya ƙafe. Wanda ya toshe shi don ɗigon ya dame shi ya mai da tankinsa abin tsoro. Inda babu shi kuwa, tanki na iya tsiyayewa, agogo ya kunna ƙarfe a busasshen tanki cikin dare, ƙarfen ya ƙone.

Saura hitar bokiti, watau nannaɗaɗɗen ƙarfen nan mai igiya da a ke tsomawa cikin ruwa, wadda ta fi kowace yawa a gidajen talakawa da ɗakunan 'yan makaranta. Ita wannan ba a sa mata agogon da zai kunna ta, ko kusa. Yawancinsu ba su da tamostat, da yawa ba su da wayar ƙasa. In ta kama aiki ba kowa a wurin, ruwa ya tafasa ya ƙone, ƙarfe ya yi ja, bokitin roba ya narke, tabarma ko labule ya kama. Haka kuma ke faruwa in an tsoma ta aka ɗauke wuta, mai ita ya manta ya fita ko ya yi barci, wuta ta dawo da tsakar dare. Ana roƙon hakimai su sa dagatai da masu unguwanni su faɗa wa jama'a, musamman da shigowar sanyi: a zare ta daga soket da zarar an ɗauke wuta, kada a sa hannu a ruwa don jin zafinsa tana ciki, kada a bar yaro kusa da ita.

Hakimin da ke so ya san ko kuɗin agogonsa ya fita, hanya mai sauƙi ce, kuma aikin malami ne. Kwana bakwai kafin a ɗaura, ya riƙa duba mita kowace safiya a lokaci ɗaya yana rubuta yunit ɗin da ya rage. Bayan an ɗaura ya sake yin kwana bakwai. Ya rubuta a gefe ranar da aka yi baƙi da ranar da wuta ba ta zo ba, don kada lissafi ya ruɗe. In zafi ya shigo wajen watan Maris, aka daina neman ruwan zafi, sai a kashe makunnin bango gaba ɗaya. Batirin agogo zai iya ƙarewa cikin watannin nan, saboda haka in Nuwamba ta zo a sake daidaita masa lokaci, a tabbata tanki cike ya ke da ruwa, sa'an nan a kunna.